Hawainiya a Lambu: Daga Jifa Zuwa Ɗaukar Hoto

Bahaushen da ya fara cewa "hawainiyarka ta kiyayi ramata" bai je daji neman misali ba, a bayan ɗakinsa ya gani. Rama na tsaye a gindin danga, ta yi tsawo da ruwan damina, hawainiya kuma tana maƙale a karanta, koriya shar, har mai tsinkar ganye ta kai hannu kafin ta lura da idon da ke juyawa yana bin ta da kallo. Duk wanda ya tashi a ƙauye ko a tsohuwar unguwa kafin shekarun 1980 ya san wannan faɗuwar gaban. A wancan zamani hawainiya maƙwabciya ce. Ana samunta a kan lalle da zogale, cikin yakuwa da kuɓewa, da kan shingen aguwa da bini-da-zugu da ke raba gona da burtali.

Yau a manyan garuruwa akwai matasan da suka gama sakandare ba su taɓa ganinta ido da ido ba. Sun dai san "tafiyar hawainiya" daga bakin masu labaran rediyo, in ana zancen aikin hanyar da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ranar da guda ta ɓulla a lambun gida ko na makaranta, sai a taru a kanta, a zaro wayoyi, a shiga tambayar juna: wannan wace iri ce? Kakanni ba su yi wannan tambaya ba, domin a wurinsu hawainiya hawainiya ce. Tsakaninsu da jikokinsu akwai sauyin shekara 50, wanda ya taɓa ƙasar da ake takawa, ya kuma taɓa abin da ke cikin kawunan mutane.

Mutanen da suna da nasu sanin, kuma ba abin rainawa ba ne. Sun san ta fi fitowa da damina, lokacin da fara da tsutsa suka yawaita. Sun san ba ta sakin reshe sai ta damƙi wani. Sun san in aka tsokane ta takan kumbura, ta yi baƙi ƙirin, ta wangame baki tana huci. Makiyayi da yaron da ke korar tsuntsu a gonar gero sun san cewa da ƙarshen damina ake cin karo da masu tulun ciki sun sauko ƙasa suna ratsa turba. Duk wannan gaskiya ne, masu binciken da suka zo daga baya ma haka suka tarar. Sai dai sanin ya zo tafe da tsoro. An ɗauka tana da dafi. An ce in ta ciji mutum ba ta saki. Wasu na cewa yawunta ko hucinta na jawo ciwon fata. Saboda haka darasin farko da yaro ke koya a kanta shi ne ya nemi hoge ko dutse, dabbar da ba ta iya gudu kuwa ba ta da wata dabara in yara suka kewaye ta.

Ba Hausawa kaɗai ta tsone wa ido ba. A tatsuniyar Margi na kudancin Borno da arewacin Adamawa, wadda C. K. Meek ya rubuta a littafinsa na 1931, hawainiya aka ba saƙon maganin mutuwa ta kai wa mutane, ta yi ta nawa a hanya, ƙadangare ya riga ta isa da saƙon a haƙa kabari. Zulu na Afirka ta Kudu suna da labari kusan irin wannan. Yarbawa kuwa girmama ta suka yi. Agemo suke kiranta, 'yar aiken sama ce a labaransu na gargajiya, har yau kuma ana bikin Agemo a ƙasar Ijebu. Da masu tsoronta da masu girmama ta, kowa ya saka ta a zancensa ne domin kullum tana gabansa.

Abin da ya fara raba ta da idon mutane shi ne bunƙasar gari. Sa'ad da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin badala ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth da ya zo a 1851 shi ma ya tarar da fili mai yawa ana noma shi a cikin ganuwa. Ko a ƙidayar 1963 mutanen birnin ba su cika 300,000 ba. Yanzu ƙiyasi ya haura miliyan 4. Hotoro da Ɗorayi da Naibawa da Rijiyar Zaki, waɗanda dattawa suka sani da gonaki, sun zama unguwanni cike da gidaje, kududdufai da yawa kuma an cike su an yi gini. Katsina da Sakkwato da Zariya da Maraɗi da Damagaram kowanne yana da nasa irin labarin.

A cikin wannan bunƙasa, abin da ya fi cutar da hawainiya shi ne abin da ake kewaye gida da shi. Danga da darni da shingen itace mai rai sun tafi, katangar bulo ta zo, an shafe ta da filasta. Tsakar gida, inda a da ake barin ƙasa da 'yar bishiyar lalle da gindin kabewa, an malale ta da siminti ko intalok. Ƙafar hawainiya ta damƙar kara da reshe ce, ba ta hawa shafaffen bango. Shinge ɗaya da ya ratsa bayan gidaje goma hanya ce gare ta, wadda take bi ta sami abinci, namiji ya bi ya sami mace. Katanga kuwa iyaka ce. Macen tana buƙatar ƙasa mai laushi da danshi ta tona rami ta binne ƙwanta, gommai a zubi ɗaya, waɗanda za su kwashe watanni kafin su ƙyanƙyashe. In ta fita neman irin wannan wuri, kwalta ce a gabanta, da mota da babur da a-daidaita-sahu, ga kuma kyanwar maƙwabta. Ƙadangare kuwa bulo ya yi masa rana: yana hawansa a guje, yana shan hantsi a kansa, yana ɓuya a ramukansa. A birnin yau ma shi ya riga ta.

Sai kuma feshi. Maganin ciyawa da na ƙwari, waɗanda a da ba kowane manomi ke samunsu ba, yanzu suna kowace kasuwar ƙauye, jarkar feshi ta shiga sahun fartanya da garma. Maganin ciyawa yana ƙone ciyayin gefen gona da take fakewa a ciki, na ƙwari yana kashe abin da take ci. Duk da haka ba a kai ga zancen ƙarewarta daga doron ƙasa ba. Ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta saka nau'o'in hawainiyar da ake samu a ƙasar Hausa cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu a yanzu, ko da yake fiye da kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in duniya suna cikin barazana. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa manoman yankin ba su bari itatuwan gonakinsu sun ƙare ba duk da yawan jama'a. Hawainiya tana nan a karkara. Daga tsakar gida da bayan ɗaki ne ta janye, wato daga inda yara ke girma.

Shi ya sa bayyanarta a lambun birni ta zama labari, kuma kayan neman amsa sun zo daidai lokacin da ita ta yi wuyar gani. Wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001. A 2008 wasu ɗaliban Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ƙirƙiro dandalin iNaturalist, inda kowa zai saka hoton tsiro ko dabba masana su taya shi gano sunanta. A 2017 dandalin ya fara ba da shawarar suna kai tsaye daga hoto, a shekarar kuma Google Lens ya fito. Aikin da a da sai an sami littafi a ɗakin karatun jami'a, yanzu ɗan aji uku na sakandare yana yin sa a tsaye.

Amma waya tana da nata rauni. Waɗannan manhajoji daga hotunan da aka ɗora musu suke koyo, mafi yawan hotunan kuwa daga Amurka da Turai suke fitowa, inda hawainiyar da aka fi sani ita ce ta kiwo a keji, musamman *Chamaeleo calyptratus* ta ƙasar Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya. Ba abin mamaki ba ne manhaja ta kalli hawainiyar Gumel ko ta Tasawa mai tudun ƙeya ta kawo sunan ta Yaman. Wanda yake son amsa ta gaskiya dole ya koma ga abin da kakanni suka fi shi iyawa, wato tsayawa ya dube ta da kyau.

Matakin farko ba shi da wuya. Jikin hawainiya a matse yake ta gefe da gefe. Kowace ƙafa tana da yatsu biyar a haɗe gida biyu: a ƙafar gaba uku ta ciki biyu ta waje, a ta baya biyu ta ciki uku ta waje. Wutsiyarta tana naɗe reshe, in tana hutawa ta nannaɗe ta, kuma ba ta yar da ita ta tsiro wata yadda tsaka ke yi. Fatar ido ta rufe ƙwayar duka sai 'yar ƙofa a tsakiya, kowane ido yana juyawa da kansa, sai lokacin harbi su haɗu a kan abu ɗaya. Ba ta da ƙofar kunne a waje. Wanda ya ga waɗannan ba zai haɗa ta da ƙadangare ko kulɓa ko ɗan damo ba.

Mataki na biyu shi ne mai daɗin, domin a nan ake gane cewa sunan da Bahaushe ya sani guda ɗaya ya rufe dabbobi uku. Wurin dubawa shi ne ƙeya da dunduniya. In ƙashin ƙeyar ya tashi sama ya yi kwalkwali mai tsini, jikin kuma babba ne, har yakan kai santimita 40 da wutsiya, to *Chamaeleo africanus* ce, hawainiyar Sahel, wadda ke zaune daga Muritaniya da Mali, ta ratsa Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi zuwa Sudan, ta bi kogin Nilu har Masar. Namijinta yana da ɗan ƙaimi a dunduniyar ƙafar baya. In kan a shafe yake, ƙeyar ba ta tashi ba, babu ƙaimi, tsawon bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, to *Chamaeleo senegalensis* ce, mazauniyar dazuzzukan sabana daga Sanagal zuwa Kamaru. Ta ukun, *Chamaeleo gracilis*, ta fi son inda ruwa ya fi yawa, don haka an fi sa ran ganinta daga kudancin Kaduna zuwa Neja da Filato da abin da ya yi kudu. Tana da 'yan fatu biyu ƙanana a bayan kai, da farin layi a gefen ciki, namijin yana da ƙaimi, in ta fusata ta kumbura maƙogwaro sai a ga launin ruwan goro tsakanin ɓawon fatar. Masu ƙaho, waɗanda hotunansu suka cika intanet, na kurmi ne da tsaunuka, irin su dazuzzukan Kuros Riba da tsaunin Obudu da duwatsun Kamaru. Ba a samunsu a lambun Kano.

Abin da bai kamata a dogara da shi ba shi ne launi, wanda kuma shi ne abin da kowa ke fara faɗa. Hawainiya ɗaya za ta wayi gari da duhun jiki don ta kwashi zafin hantsi, da rana ta koma koriya, in ta ga abokin gaba ta fito da ɗigo-ɗigo, da dare kuma ta yi fari fat tana barci a ƙarshen reshe. Masu bincike ma da dare suke nemanta da tocila, domin a lokacin ne take fita daban da ganye.

An daɗe ana cewa tana ɗaukar launin duk abin da ta hau. Bincike ya gyara wannan. A 2008 Devi Stuart-Fox da Adnan Moussalli suka nuna, daga ƙananan hawainiyoyin Afirka ta Kudu, cewa nau'o'in da suka fi iya rikiɗa su ne waɗanda suka fi amfani da launi wajen faɗa da neman mace. A 2015 kuma ayarin Michel Milinkovitch na Jami'ar Janeba da ke Suwizalan ya gano yadda abin ke faruwa a jikin wata hawainiyar Madagaska. A ƙarƙashin fatarta akwai ƙwayoyin halitta cike da ƙananan lu'ulu'u da ido ba ya gani, a jere. In tana cikin natsuwa suna matse da juna, sai su mayar da shuɗin haske, shi kuma ya haɗu da launin rawaya da ke saman fata ya ba da kore. In ta harzuƙa tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe, sai rawaya da ja su fito. Launi ne na wasan haske, irin wanda ake gani in kananzir ya zuba a kan ruwa. Ga mai lambu ma'anar wannan a fili take: launin da ya gani yana gaya masa halin da take ciki ne a wannan lokaci. Wadda ta yi baƙi a hannun mutum tsoro ne ya kama ta.

Zancen dafi ma ya faɗi. A cikin nau'o'i fiye da 200 da aka sani, waɗanda kusan rabinsu a Madagaska suke, babu mai dafi ko ɗaya. Tana iya cizo in an matsa mata, kuma ya kamata wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu, domin dabbobi masu jan ciki sukan ɗauki ƙwayoyin cutar gudawa. Yawun da ake tsoro kuwa, masu bincike a Beljiyam sun auna shi a 2016 suka tarar ya fi na mutum kauri sau 400. Danƙo ne na kama abinci. Da shi harshen, wanda ke iya miƙewa ya ninka tsawon jikinta, yake ɗauke fara da ƙuda da gyare da tsutsa kafin ƙiftawar ido. Dabbar da aka yi ta jifa a gindin rama ashe ƙwarin da ke cin ramar take ci.

Rarrabe nau'o'in nan ya ɗauki masana lokaci mai tsawo. Laurenti ya raɗa wa ta Sahel suna a 1768, Daudin ya raɗa wa ta Sanagal a 1802, Hallowell ya bayyana ta ukun a 1844, dukkansu daga gawarwakin da aka kai Turai da Amurka. A 1967 Gerald Dunger ya buɗe jerin rubuce-rubucensa kan ƙadangaru da macizan Nijeriya a mujallar *Nigerian Field* da babin hawainiya. A 2012 Jean-François Trape da Sébastien Trape da Laurent Chirio suka fitar da littafinsu na Faransanci kan ƙadangaru da kadoji da kunkuran Afirka ta Yamma da Sahara, mai hotuna da taswira. Ko masana sukan yi kuskure. A kusa da garin Pilos na ƙasar Girka akwai hawainiyoyin da aka daɗe ana ɗauka irin na bakin tekun Bahar Rum ne, sai a 1998 Wolfgang Böhme da abokan aikinsa suka duba da kyau suka tabbatar *africanus* ce, 'yar uwar wadda ke kan aguwa a Daura, mai yiwuwa mutane suka kai ta daga Masar tun zamanin da. Yanzu doka na kare ta a can, masu sa kai suna gadin ramukan ƙwanta.

Sanin suna yana da amfani ne saboda shi ke faɗa wa mutum abin da zai yi. Wanda ya tsinci hawainiya a lambunsa a jihar Filorida ta Amurka, baƙuwa ya tsinta, kamar ta Yaman da ta kuɓuce daga keji ta yaɗu. A tsibiran Hawai, mai ƙaho uku ta ƙasar Kenya da aka saki a 1972 ta zama annoba, tana cin dodon-koɗin da babu irinsu a ko'ina sai can. A waɗannan wurare hukuma ba ta son a mayar da ita daji. A Bichi ko Madarumfa kuwa hukuncin ya juya, domin wadda aka gani 'yar gida ce, ta riga katangar zuwa wurin.

Nan ne sabon zamani ya kawo nasa haɗarin. Yaron da a da zai jefe ta, yanzu yana iya saka ta a kwali ko kejin tsuntsu don ya ga ana kiwonta a YouTube. Hawainiyar daji ba ta jure wannan. Raɓa da ɗigon ruwa a kan ganye take lasa, ba kasafai take gane ruwan kwano ba. Ƙwaro mai motsi take ci. Tana buƙatar rana da inuwa ta riƙa zaɓa, yawan kamu da kallo kuma yana karya ta, sai ta daina ci ta mutu a hankali. Malamai sun sha jan kunne da hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kwalin da aka rufe da hawainiya a ciki bai yi nisa da wannan gargaɗi ba.

Kasuwa ma tana nemanta ta fuska biyu. Busasshiyar hawainiya tsohuwar haja ce a shimfiɗar masu kayan maganin gargajiya a Afirka ta Yamma, kuma wanda ya shiga kasuwar Akodessewa a Lome zai gan ta jibge. Sabuwar fuskar ita ce fataucin masu rai zuwa ƙetare. Tun 1977 aka saka jinsin *Chamaeleo* a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wanda ya wajabta takardar izini kafin a ƙetare iyaka da ita. Daga 1977 zuwa 2001 an fitar da dubban ɗaruruwa daga Afirka, Madagaska da Tanzaniya da Togo ne kan gaba wajen sayarwa, Amurka ce babbar mai saye. Nau'o'in da Togo da Binin da Gana suka fi fitarwa su ne *senegalensis* da *gracilis*, biyu daga cikin ukun da ke lambunan Hausawa. Nijeriya ma ta kafa doka a 1985 kan fataucin dabbobin da ke cikin haɗari, wadda aka yi wa gyara a 2016.

Ba duk sauyin shekarun nan ne ya zo da asara ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, gonakin Maraɗi sun yi tsirara. Daga 1983 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, tare da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture a ƙone, sai a zaɓi mai ƙarfi a gyara shi a bar shi ya girma. Gawo da kalgo da sabara suka dawo. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Manoman itacen girki da abincin dabba da taki suke nema, ba don hawainiya suka yi ba, amma kowane kalgon da aka bari a gona wurin kwana ne da farauta ga dabbar da duk rayuwarta a kan reshe take. Abin da manomin Maraɗi ya yi a gonarsa, mai gida a birni zai iya yin ƙaraminsa: layin lalle ko zogale a jikin katanga, da wani lungu da aka bar shi da ƙasa ba siminti, da rage feshi inda ba dole.

Wanda ya ci karo da ita a lambunsa ba ya buƙatar kama ta. In tana kan reshe a bar ta, domin fizgo ta yana iya karya mata yatsu ko wutsiya. In a tsakiyar hanya take, a miƙa mata sanda ta hau da kanta, a sauke ta a kan itacen da ke ɓangaren da ta nufa. In an ga mace tana tona rami da ƙarshen damina, a kori kaji da yara, a sa alama a wurin kada fartanya ta bi ta kai har wata daminar. Sannan a ɗauki hoto uku: na kai daga gefe don a ga ƙeya, na ƙafar baya don a ga ko akwai ƙaimi, da na dukan jiki.

Hotunan nan suna da inda za su yi aiki. Abin da aka saka a iNaturalist, in masana suka tabbatar da sunansa, yana shiga rumbun bayanan halittu na duniya, GBIF, mai hedikwata a Kwapanhegin, inda masu zana taswirar yaɗuwar dabbobi ke ɗebo bayanai. A wannan taswira arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna cikin yankunan da ɗigonsu bai taka kara ya karya ba, in an gwada da Turai ko Afirka ta Kudu. A zamanin Dunger mutane ƙalilan ne ke wannan aiki, da littafin rubutu da kwalbar ajiye samfuri. Yanzu malamin kimiyya a Kazaure, ko mai lambun albasa a bakin gulbin Maraɗi, ko ɗalibar nazarin halittu a Jami'ar Bayero, kowannensu yana da kyamara a aljihu. Hoto uku da sunan gari da kwanan wata sun isa a ƙara ɗigo ɗaya, kuma daga tarin irin waɗannan ɗigo za a san inda *africanus* ta tsaya *senegalensis* ta karɓa, da unguwannin da har yanzu shingensu ke riƙe da su.